Ranar da Ɗalibai Suka Auna Malaminsu

Wata ranar Litinin da hantsi, mako biyu bayan kammala jarrabawar zangon karatu na farko, masinja ya shiga ofishin wani malamin Hausa a wata jami'a da ke arewacin Nijeriya, ya miƙa masa ambulan daga shugaban sashe. Malamin ya haura shekara 50 a duniya, ya kuma shafe fiye da 20 daga cikinsu yana koyar da ilimin furuci da tsarin sauti. A tsawon wannan lokaci ya auna ɗalibai da ba su ƙirguwa. Ya ba su jinga, ya yi musu gwaji, ya duba takardunsu da jan biro, wasu suka haye, wasu suka faɗi. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne wata rana mudun zai koma hannun waɗanda ya saba aunawa. To, abin da ambulan ɗin ya ƙunsa ke nan.

A ƙarshen zangon, jami'ar ta raba wa ɗalibai takardar tambayoyi domin su bayyana ra'ayinsu game da koyarwar kowane malami, ba tare da sun rubuta suna ko lamba ba. Takardar tana ɗauke da jimloli, kamar "malami yana zuwa aji a kan lokaci" da "malami yana ba da damar yin tambaya". A gaban kowace jimla ɗalibi zai zaɓi lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon yardarsa da abin da aka faɗa. A ƙasa kuma an bar fili ga mai son ƙarin bayani. Abin da aka aiko wa malamin shi ne jadawalin makinsa, tare da damin takardun da ɗaliban aji biyu suka cike.

A kan sanin darasi da zuwa aji a kan lokaci, makinsa ya kusa cika. A kan fayyace bayani, da ba da damar tambaya, da mutunta ɗalibai kuwa, bai kai 3 ba. Sai ya koma kan abin da suka rubuta da hannunsu. Wani ya ce, "Malam ya san abin, amma da allo yake magana." Wani ya ce, "Jinga ta yi yawa." Wani ma a kan hular malamin ya yi sharhi. Duk waɗannan ya wuce su da tsaki, har ya iso kan wata takarda mai ƙananan haruffa, inda aka rubuta cewa: "Na taɓa tambayarsa bambancin karin sautin kuka na hawaye da kuka ta miya. Ya ce wanda bai san wannan ba ya koma firamare. Aji ya yi dariya. Tun daga ranar ban sake buɗe baki ba, kuma har yau ban gane ba."

Ya tuna ranar, amma bai tuna fuskar ba, domin ajin ya kusa mutum 200. Sai dai takardun jingar ajin suna nan ɗaure a kabad ɗinsa, kuma wanda ya shekara 20 yana duba rubutun hannu ba zai sha wahalar gano mai waɗannan ƙananan haruffa ba. Ya ɗauko damin, ya kwance igiya, har ya fara juya takardu. Can sai ya tambayi kansa abin da zai yi da sunan idan ya same shi. Waɗannan ɗalibai za su sake zama a gabansa a aji uku da aji huɗu, wasunsu ma shi zai duba kundin bincikensu. Ya mayar da igiya ya ɗaure. Kunya ce ta hana shi a ranar, domin zuciyarsa ba ta sauko ba tukuna.

Neman Makami

Haƙiƙa fushin malamin yana da asali. Ya taso a al'ummar da ke ɗaukar malami a matsayin uba, inda almajiri ke durƙusawa ya gaida shi, ya ɗauki takalminsa, ya nemi albarkarsa. A ganinsa, a ce yaron da bai iya rarrabe dogon wasali da gajere ba shi zai yanke hukunci a kan mai digirin digirgir, wannan juya al'amari ne a baibai. Saboda haka ya ƙudura rubuta wa hukumar jami'a takardar ƙorafi, ya kuma shiga karanta abin da masana suka rubuta a kan lamarin, karatu irin na mai neman makami.

Abin da ya fara ganowa shi ne al'adar ta girme shi nesa ba kusa ba. A ƙarni na 13 da na 14, ƙungiyoyin ɗalibai ne ke riƙe da ragamar Jami'ar Bologna ta ƙasar Italiya. Sukan ci malami tara idan ya makara, ko ya zarce lokaci, ko ya tsallake wuri mai wuya a littafi, kuma ba ya barin gari sai da izininsu. Takardar tambayoyi irin ta yau kuwa a Amurka ta samo asali, inda Hermann Remmers da abokin aikinsa suka fitar da ma'aunin koyarwa na Jami'ar Purdue a shekarar 1927. Tsarin zaɓen lamba daga 1 zuwa 5 yana da alaƙa da aikin Rensis Likert na shekarar 1932. Daga shekarun 1970 abin ya game jami'o'in Amurka, har ya shiga cikin hujjojin da ake dubawa wajen ƙarin girma da tabbatar da malami a aiki. A Birtaniya ma, tun shekarar 2005 ake gudanar da binciken ƙasa baki ɗaya, ana jin ra'ayin ɗaliban ajin ƙarshe game da karatun da suka samu.

Makamin da yake nema bai yi wuyar samu ba. A shekarar 1973, Naftulin da Ware da Donnelly suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Amurka. Sun ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, suka laƙaba masa suna Dokta Myron Fox, suka gabatar da shi a matsayin masani, ya yi lacca a kan wani fannin lissafi da bai san komai a kai ba. An shirya laccar da gangan cike da tufka da warwara da kalmomin da ba su da ma'ana, amma ya gabatar da ita cikin fara'a da barkwanci da ƙarfin gwiwa. Masu sauraronsa, waɗanda likitoci ne da masana halayyar ɗan Adam da malamai, suka yaba masa a takardar tambayoyi. A shekarar 1993 kuma, Ambady da Rosenthal suka nuna wa wasu mutane bidiyon malamai 13 na Jami'ar Harvard, sakan 30 ga kowane malami, an kuma cire murya. Hukuncin da waɗannan baƙi suka yanke daga motsin jiki da yanayin fuska kawai ya yi kusa ainun da makin da ɗaliban da suka zauna zango guda suka bayar.

Bai tsaya nan ba. Ya karanta wani gwaji da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Münster ta ƙasar Jamus, inda aka raba wa wasu rukunonin ɗaliban likitanci biskit mai cakulan a lokacin darasi, aka hana wasu. Waɗanda suka ci biskit sun fi yaba malami da kayan karatu. Ya karanta na MacNell da Driscoll da Hunt na 2015, inda malamai biyu, mace da namiji, suka koyar ta intanet, kowannensu ya yi amfani da sunansa a rukuni ɗaya, da sunan ɗayan a wani rukunin. Duk wanda ɗalibai suka zaci namiji ne ya fi samun maki, har a kan saurin mayar da jinga, alhali a lokaci ɗaya aka mayar wa kowa. Ɗaliban wannan gwaji ba su da yawa, amma bincike mafi girma da aka yi a Faransa ya nuna irin wannan karkata.

Wanda ya fi kwanta masa a rai shi ne aikin Carrell da West na 2010 a makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka. A can ɗalibi ba ya zaɓen malami, manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya, kuma dole kowa ya ci gaba da darussan da aka gina a kan na farko. Da suka bi sawun ɗalibai fiye da 10,000, sai suka tarar malaman da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar lissafi ta farko sun fi samun yabo, amma ɗaliban nasu sukan yi rauni a darussan gaba. A 2017 kuma Uttl da abokan aikinsa suka sake tankaɗe binciken da aka tara shekara da shekaru, har da na Cohen na 1981 wanda aka daɗe ana kafa hujja da shi, suka ce idan an yi la'akari da ƙarancin azuzuwan da wasu binciken suka dogara a kansu, da kuma ƙwazon da ɗalibai suka zo da shi tun farko, alaƙar da ke tsakanin makin malami da abin da ɗalibi ya koya ba ta taka kara ta karya ba. Har ma ya samu hukunci: a 2018 mai sasanci William Kaplan ya yanke cewa Jami'ar Ryerson ta ƙasar Kanada, wadda aka sauya wa suna zuwa Toronto Metropolitan a 2022, ta daina amfani da wannan maki a matsayin ma'aunin ingancin koyarwa wajen ƙarin girma da tabbatarwa a aiki.

Malamin ya tattara waɗannan duka ya rubuta ƙorafi mai shafi shida. Kafin ya miƙa, sai ya ga ya dace ya nuna wa wani dattijo, tsohon farfesa da ya yi ritaya, wanda shi ya koya masa tsarin sauti, ya kuma duba kundinsa na digiri.

A Zauren Dattijo

Ya same shi bayan la'asar a zaurensa, ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma kamar yadda ya saba tun yana ɗalibi. Dattijon ya sa tabarau ya karanta shafukan shida a tsanake, sannan ya nemi ganin takardun ɗaliban. Da ya iso kan mai ƙananan haruffa, ya daɗe yana dubanta.

"Dakta, ka yi karatu," in ji shi. "Duk abin da ka kawo gaskiya ne. To amma a cikin Turawan nan da ka jero, wane ne ya ce ba ka faɗa wa yaron nan ya koma firamare ba?"

"Allah gafarta Malam, na faɗa."

"A wace firamare ake koyar da karin sauti?"

Malamin ya yi shiru, domin ya san amsa. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka ma kuka da kuka. Bahaushe yana furta bambancin daidai tun yana goye, amma ya ware shi da kunne, ya ce wannan gaɓa sama take, waccan ƙasa, fasaha ce dabam da mafi yawan ɗalibai ba su taɓa cin karo da ita ba sai a babbar makaranta. Dattijon ya tuna masa cewa shi kansa sai da ya yi makonni yana fito da baki yana bin amon kalma kafin kunnensa ya buɗe. Wanda ya daɗe da sanin abu yakan manta cewa ya taɓa jahiltarsa.

Daga nan dattijon ya taɓo zancen al'ada, wadda malamin ya jingina fushinsa da ita. Ya ce ba gaskiya ba ne a ce almajirin ƙasar Hausa bai taɓa auna malaminsa ba. A makarantar ilimi ta zaure, ɗalibi yakan ɗauki littafinsa ya tafi wurin malamin da ya zaɓa. Idan bai gamsu ba, ba ya jayayya, sai ya yi sallama cikin ladabi ya nemi wani zauren. Yawan takalman da ke ƙofar zaure shi ne makin malami, kuma kowa a gari ya iya karanta shi. Ɗalibin jami'a kuwa ba shi da wannan mafita. Kwas ɗin dole ne, malamin ɗaya ne, makinsa kuma yana hannun wanda yake jin tsoro. Idan aka hana ƙafarsa magana, aka kuma hana bakinsa, wannan 'yar takarda kaɗai ta rage masa.

Ya ƙara da cewa girmama malami bai taɓa nufin rufe ido daga kuskurensa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya kuma ci gaba da girmama shi da ambaton falalarsa, amma ya saɓa masa a rubuce a kan mas'alar kafirta mai aikata manyan zunubai. Ba wanda ya ce Shehu ya yi rashin ladabi. "Gyara kayanka," in ji dattijon yana miƙa masa takardun, "bai zama sauke mu raba ba."

Shaida da Alƙali

Malamin bai miƙa ƙorafin ba, bai kuma yaga shi ba. Ya sake karanta binciken da ya tara, wannan karon ba da niyyar faɗa ba, sai ya ga abin da fushi ya ɓoye masa. Hukuncin Ryerson ɗin da ya yi murna da shi bai soke jin ra'ayin ɗalibai ba. Ya yarda cewa takardar tana da amfani wajen sanin yadda ɗalibi ya ji a aji, abin da ya hana shi ne a mayar da ita ma'aunin ingancin koyarwa. Wato dai ɗalibi shaida ne, kuskuren da ake yi shi ne a ɗora shi a kujerar alƙali.

Akwai abubuwan da shaidar ɗalibi a kansu ta fi ta kowa ƙarfi, domin shi kaɗai ke wurin kullum. Shi ya san ko malami yana zuwa, ko ana jin muryarsa daga kujerun baya, ko rubutunsa a allo yana karantuwa, ko yana mayar da jinga da gyara, ko tambayoyin jarrabawa sun fito daga abin da aka koyar, ko ana tilasta sayen takardun lacca, ko ana muzanta mai tambaya. Shugaban sashe ba ya ganin waɗannan daga ofishinsa, kuma ranar da ya shigo aji, kowa zai gyara zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abubuwan da ɗalibi ba shi da ikon yin hukunci a kansu tukuna: ko abin da aka koya masa daidai ne, ko ya dace da inda ilimin ya kai a yau, ko zai ɗauke shi a darussan gaba. Har abin da ya koya ma ba lallai ne ya iya kimanta shi ba. A wani gwaji da Deslauriers da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, ɗaliban kimiyyar fiziks a Harvard da aka sa su warware matsaloli da kansu a aji sun fi cin gwaji a kan waɗanda aka yi wa lacca mai daɗin sauraro, amma da aka tambaye su, sai suka ce sun fi ƙaruwa da laccar. Wahalar da ke tare da koyo na gaske takan yi wa ɗalibi kama da rashin fahimta, sauƙin sauraro kuma ya yi masa kama da ilimi.

Bugu da ƙari, lambar da ake fitarwa tana da nata aibin. A ɗauka rabin aji sun ba malami 1, rabi sun ba shi 5. Matsakaicin makinsa 3 ne, daidai da na malamin da kowa ya ba shi 3, alhali labarin azuzuwan biyu ya sha bamban. Na farko yana isa ga wasu yana barin wasu a baya, abin da ya kamata a bincika ke nan, amma lissafin ya haɗiye shi. Haka nan waɗanda suka cike takarda su ne waɗanda suka zo a ranar. Wanda tsoro ko yanke ƙauna ya riga ya kora daga ajin ba ya cikin ƙirga. Kuma kwatanta makin mai koyar da tsarin sauti ga mutum 200 a kwas na dole da na mai koyar da waƙar baka ga mutum 20 da suka zaɓa da kansu, tamkar auna gero da auduga ne da mudu ɗaya.

Gyara

A zangon da ya biyo baya, malamin bai jira ambulan ba. Ya lura cewa takardar ƙarshen zango tana zuwa ne bayan bakin alƙalami ya bushe, waɗanda suka yi kukan ba su ne za su ci moriyar gyaran ba. Ya kuma karanta cewa Cohen ya nuna tun 1980 cewa ra'ayin da aka karɓa a tsakiyar zango yana taimaka wa malami, musamman idan ya zauna da wani gwani suka duba shi tare. Ya ari dabarar Frederick Mosteller, malamin ƙididdiga a Harvard, wanda ya bayyana a 1989 yadda yakan nemi ɗalibai su rubuta masa wurin da ya fi shige musu duhu a ƙarshen lacca.

A mako na biyar ya ce kowa ya yago 'yar takarda, kada ya sa suna, ya amsa tambaya uku: me ya fi shige maka duhu, me nake yi da ke taimaka maka, me nake yi da ke hana ka fahimta? Ya ba wakilin aji ya tattara. A lacca ta gaba ya tsaya gabansu ya faɗi abin da suka rubuta, mai daɗi da marar daɗi. Ya ce zai daina magana yana fuskantar allo, zai riƙa maimaita tambayar da aka yi a gaba domin na baya su ji, zai kuma ware minti goma na ƙarshe domin tambayoyi, har da waɗanda aka rubuto a takarda. Sannan ya ce akwai abin da ba zai sauya ba. Da yawa sun nemi a rage jingar sanya alamar karin sauti, ya ce ba zai rage ko kalma ɗaya ba, ya kuma bayyana musu dalili: kunne ba ya buɗewa da sauraron bayani, sai da maimaici, kuma wanda bai ƙware a nan ba zai sha wuya idan an zo ƙirar kalma da ajin aikatau, inda karin sauti da wasalin ƙarshe ke rarrabe siga da siga.

Da ambulan na biyu ya zo, makinsa a kan damar tambaya da mutunta ɗalibai ya ɗaga. A kan yawan aiki kuwa ƙorafin yana nan yadda yake. Bai damu ba, domin ya riga ya san wanne ne kukan da ya kamata ya share, wanne ne kuma kukan da magani mai ɗaci ke jawowa.

Darasin ya yi masa amfani a wani wurin. Bayan wani lokaci ya zauna a kwamitin da ke duba ƙarin girman wata matashiyar malama, aka kawo jadawalinta, makinta ya gaza na takwarorinta da kaɗan, har wasu suka fara maganar a dakatar da ita sai baɗi. Ya nemi a karanta abin da aka rubuta a ƙasan takardun. Galibinsu a kan muryarta ne da ƙuruciyarta, da ƙyar aka samu mai zancen darasi. Ya ba da shawarar a tura manyan malamai biyu su zauna a ajinta, a duba tsarin kwas ɗinta da tambayoyin jarrabawarta da yadda take gyara jinga, sannan a haɗa da abin da ɗalibai suka faɗa. Shafukan nan shida da ya rubuta domin kare kansa, a nan suka yi ranarsu.

Kammalawa

Ɗalibi mai shirin zama malami zai ɗanɗani awo tun a lokacin gwajin koyarwa, sa'ad da mai duba shi zai zauna a bayan aji da takardar maki. Amma ya sani cewa mai dubawa darasin da aka shirya dominsa yake gani, na minti 35 ko 40. Yaran da ke zaune a benci su ke ganin darasin ranar da ba kowa. Ba sai an jira hukuma ta buga takarda ba, ko a firamare ko a ƙaramar sakandare malami yana iya tambayarsu, muddin ya kiyaye sharuɗɗa huɗu. Ya tambayi abin da idonsu ya gani ko kunnensu ya ji, kamar "wane wuri ne ba ka gane ba yau?", ya guji tambayar ko suna son sa. Ya tambaya tun da sauran lokacin gyara. Ya dawo musu da amsa, ya faɗi abin da zai sauya da abin da ba zai sauya ba, tare da dalili. Na huɗu kuma, wanda ya fi sauran nauyi, kada ya taɓa neman sanin wanda ya rubuta, domin ranar da yara suka gane ana farautar mai faɗar gaskiya, daga ranar yabo kawai malami zai riƙa samu, yabon da ba zai amfane shi da komai ba.

Shi dai wancan malami har yau bai san mai ƙananan haruffan nan ba, ko namiji ne ko mace. Ajin ya kammala ya watse, wataƙila mai rubutun ma yana koyarwa a wata makaranta. Sai dai duk shekara, ranar da aka iso babin karin sauti, malamin yakan rubuta kalmar kuka sau biyu a allo, ya juyo ya fuskanci ajin, ya furta su a hankali: na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk sama, ta miya gaɓar farko sama, ta biyu ƙasa. Sannan ya gaya musu cewa ba a koyar da wannan a firamare, kuma ya taɓa kunyata wani ɗalibi a kan wannan tambaya, bai kyauta ba. Daga nan yakan ce wanda bai ji bambancin ba ya ɗaga hannu, ya tsaya yana jira har sai hannu na farko ya tashi.